Haɗin gahawa mai sanyi a gida: tambayoyin da ake yawan yi mini

Na daɗe ina haɗa abin sha na biki da suna a nan Garwa. Zoɓo, wanda mutanen gari ke ce wa folere, da kunun aya da lemon citta su ne sana'ata tun farko. Gahawa daga baya ta shigo, lokacin da 'yan mata suka fara nuna mini hotuna a waya, wani baƙin abin sha a kofin gilashi da kumfa a samansa, suna cewa shi suke so ranar kamu. Na yi ta gwadawa har na kama hannunsa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ke ta dawowa daga dangi da maƙwabta da masu saye. Zan riƙa cewa "gahawa" ga abin da a kasuwa muke kira kafe, domin in na ce "kofi" sai a rasa ko abin sha nake nufi ko mazubinsa.

Anti, wai shi koktel ɗin nan ba giya ba ne?

Asalinsa giya ne, ƙanwata, kada wani ya ruɗe ki. Wanda kike gani da ƙwayar gahawa uku a kan kumfa sunansa Espresso Martini. Wani mai haɗa abin sha a Landan, Dick Bradsell, shi ya ƙirƙiro shi a shekarun 1980, kuma da barasar vodka ake yin sa. Akwai na ƙasar Ailan mai zafi, wanda ake zuba wa wiski a ɗora kirim a kai. Kwalaben Kahlúa da Baileys da za ki iya gani a manyan kantuna, masu kama da ruwan gahawa ko madara, duk barasa ce a ciki. Mu Musulmi ba ruwanmu da waɗannan.

Abin da nake koyarwa shi ne dabarar haɗin ba tare da barasa ba: gahawa mai ƙarfi, zaƙi daidai, sanyi, da wani abu mai ɗan yaji da zai kama maƙogwaro. Wannan na ƙarshen shi ne aikin da barasa ke yi a nasu, mu kuwa citta da kimba suna yi mana shi, kuma a wajena sun fi dacewa da gahawa.

Hattara da abu biyu. Ruwan banila na ƙaramar kwalba galibi da barasa ake jiƙa shi, don haka ki sayi sukarin banila na 'yar takarda wanda masu kek ke amfani da shi. Sannan duk kwalbar da kika ga an rubuta lamba da alamar "% vol" a jikinta, mayar da ita inda kika ɗauko.

Ba ni da injin espreso. In haƙura ke nan?

Ko kaɗan. Ni ma ba ni da shi. Abin da ake bukata kawai shi ne gahawa mai kauri wadda ƙanƙara da madara ba za su kashe ta ba, kuma hanya uku ce.

Ta farko, tukunyar Italiya mai hawa biyu, wadda ake zuba ruwa a ƙasa, gari a tsakiya, a ɗora a wuta gahawar ta hau sama. Kamfanin Bialetti ya fito da ita tun 1933, kuma ita ta fi kusa da espreso. Ki sa wuta kaɗan-kaɗan, da kin ji ta fara ƙara kamar tana kurkure baki ki sauke, in ba haka ba ta ƙone ta yi ɗaci.

Ta biyu, tukunya da mataci. Ki tafasa ruwa mililita 250, ki sauke ki bar shi rabin minti ya huce kaɗan, ki zuba garin gahawa babban cokali 6, ki juya, ki rufe minti 4, ki tace da farin ƙyalle mai tsabta wanda ba a taɓa tace kamu da shi ba. Kada ki bar garin yana tafasa a kan wuta kamar ganyen shayi. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a gidajenmu, domin hannunmu ya saba da shayi, wanda ake bari ya daɗe yana dahuwa.

Ta uku, Nescafé. Ƙaramin cokali 2 a ruwan ɗumi mililita 60.

Nescafé kuma? Ai na ɗauka ba gahawar kirki ba ce.

Ba ta kai sabon niƙa ƙamshi ba, wannan gaskiya ne. Amma a haɗin sanyi tana da abin da ta fi kowa: kumfa. Shahararriyar gahawar sanyin ƙasar Girka, wadda suke kira frape, da ita aka fara yin ta a 1957 a wajen baje kolin birnin Tasalonika, inda wani ma'aikacin kamfanin ya rasa ruwan zafi ya girgiza ta da ruwan sanyi. Haka kuma wadda ta cika waya a 2020 lokacin kullen korona, mai suna dalgona: Nescafé cokali 2, sukari cokali 2, ruwan zafi cokali 2, a buga da maburgi har ta yi kauri ta koma ruwan ƙasa-ƙasa, a ɗora a kan madara mai sanyi. Da garin gahawa na gaske ba ta tashi haka. Saboda haka in haɗinki mai madara ne da zaƙi, yi amfani da ita hankalinki kwance. In kuwa baƙa za ki sha da lemon tsami, inda babu abin da zai rufe ɗanɗanonta, nemi gari mai kyau.

Wace gahawa zan saya, kuma ta ina?

Nan ne abin ke yi mini ciwo. Ƙasarmu Kamaru tana noman gahawa iri biyun nan da duniya ke sha, amma mu a arewa da yawanmu ba mu taɓa ɗanɗana ta ba sai wadda ta fita waje ta dawo mana a gwangwani. Arabika tana fitowa daga tsaunukan yamma, wajajen Bafusam da Fumban da Bamenda, inda akwai sanyi. Robusta kuwa daga ƙasa mai zafi da damshi, irin su yankin Nkongsamba da gabashin ƙasar. Ƙungiyar manoma ta UCCAO da ke Bafusam tana soya tata tana niƙawa tana sayarwa a leda, akwai wasu ma. In ba ka samu a kantin unguwa ba, ka sa ɗan'uwa mai zuwa Duwala ko Yawunde ya riƙo maka. Mutanen Kusseri da Njamena kuma suna da 'yan kasuwar da ke sayar da ɗanyar ƙwaya, a soya a gida a daka a turmi kamar yadda Larabawan Chadi da mutanen Sudan ke yi.

Bambancinsu a baki: arabika tana da ƙamshi da ɗan tsami-tsami, robusta tana da ɗaci da nauyi, kuma kafeyin ɗinta, wato sinadarin da ke hana barci, ya kusan ninka na arabika. Ga haɗin madara da dabino na fi son robusta ko gaurayen biyun, domin ba ta ɓacewa a cikin madara. Ga haɗin lemon tsami, arabika.

In ka buɗe leda, juye garin a kwalba mai murfi ka ajiye a inuwa, nesa da daddawa da yaji. Gahawa tana shan warin duk abin da ke kusa da ita.

To, Hajiya, ba mu wanda kika fi yi wa baƙi.

Sai na fara da ruwan sukari, don shi ne gishirin aikin. Sukari ba ya saurin narkewa a abu mai sanyi, sai ya kwanta a gindin kofi, ki sha ɗaci a sama ki tarar da zaƙi a ƙasa. Don haka ake narka shi tun da wuri. Sukari kofi 1, ruwa kofi 1, ɗanyar citta kamar babban yatsa a yayyanka, kanumfari 4, kimba 2. Kimbar ki ɗan gasa ta a busasshen kasko, ki fasa ta ki zubar da 'ya'yan cikin, domin ƙamshin a ɓawon yake, 'ya'yan ɗaci ne da su. Ki dafa duka a wuta kaɗan minti 5, ki sauke ki rufe har ya huce, ki tace a kwalba. A firji yana kai mako 2.

Kada ki ga kamar ni na ƙago sa kimba a gahawa. Mutanen Senegal sun daɗe suna yi. Kafe Tuba da ake sayarwa a kowane lungu na Dakar, wanda ya samo sunansa daga birnin Tuba na 'yan ɗariƙar Muridiyya, gahawa ce da kimba, wani lokaci da kanumfari. Abin da muke jefawa a kunu da yajin jego shi ne wasu suka mayar abin alfaharin ƙasarsu.

Yanzu haɗin. Ki sami kwalbar mayonez da aka wanke tas har warin ya fita. Ki zuba gahawa mai ƙarfi mililita 60 wadda ta huce, ruwan sukarin nan babban cokali 1, gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka, da ƙanƙara cike da tafin hannu. Ki rufe gam, ki girgiza da ƙarfi kina ƙirga ashirin. Ki juye ta rariyar shayi cikin ƙaramin kofin gilashi, ƙanƙarar ta tsaya a baya. Ki jira kaɗan, za ki ga kumfa ta taso ta zauna a sama, fara-fara, baƙin yana ƙasa. Gishirin ba don a ji shi ba ne, yana danne ɗaci ne ya fito da zaƙi.

Kada ki zuba gahawa da zafinta a kwalba ki rufe. Tururi yana iya tunkuɗe murfin, gilashi kuma yana tsagewa in zafi da ƙanƙara suka haɗu a kansa farat ɗaya.

Nawa ba ya yin kumfa. Me na ɓata?

Ɗayan uku ne. Ko gahawar ta yi ruwa, ko ba ki girgiza da ƙarfi ba, ko akwai maiƙo a kwalbar. Maiƙo yana kashe kumfa nan take. In kin gyara waɗannan ba ta tashi ba, ƙara rabin ƙaramin cokalin Nescafé.

Ni mai son madara ne. Akwai nawa?

Akwai, Malam, kuma shi ya fi karɓuwa wajen iyaye. Ka sami dabino 4 masu kyau, irin busasshen nan da ke zuwa daga Faya a arewacin Chadi ya yi sosai, ka cire ƙwallon ka jiƙa a madara mai ɗumi kofi 1 na awa guda har ya yi laushi. Ka markaɗa a na'ura, ka tace in ba ka son ɓawon, ka sa a firji. In ya yi sanyi ka zuba a kan ƙanƙara, ka kwarara gahawa mililita 60 a hankali daga sama. Ba ya bukatar sukari. Ɗan garin kirfa a kai ya wadatar.

Madarar gari da ta gwangwani duk suna yi. Mai kaurin nan mai sukari ita mutanen Biyetnam ke sawa a tasu gahawar da ƙanƙara: babban cokali 2 a gindin kofi, gahawa a kai, a juya. Tana da daɗi amma zaƙinta ya yi yawa, kada a ƙara mata komai. In kuwa sabuwar madarar shanu ce daga rugar Fulani, ita ce sarauniya, amma a tafasa ta tukuna ta huce. Ɗanyar madara tana iya ɗauke da cututtukan da ke kama mutum daga dabba, sanyin ƙanƙara kuma ba ya kashe su.

Wanda madara ke ɓata wa ciki ya gwada kunun aya marar sukari da yawa. Na yi mamakin yadda suka dace da gahawa ranar da na fara gwadawa. Aya tana da garɗi irin na gyaɗa da ke rungumar ɗacin. Sai dai kunun aya ba ya jimiri, a zafin Garwa yana iya juyawa kafin la'asar, don haka a haɗa a sha a lokacin.

Na sa lemon tsami da madara, sai abin ya tsinke. Guba ne?

Ba guba ba ne, tsami ne ya kama madarar ta dunƙule, kamar yadda ake yin awara ko cuku. Amma ba ya shayuwa. Ƙa'idar ita ce a zaɓi hanya ɗaya: ko madara, ko tsami. Lemon tsami, tsamiya, zoɓo, abarba, duk ba sa zama kofi ɗaya da madara.

Gahawa da tsami kuwa suna haɗuwa?

Suna haɗuwa, kuma a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Garwa da Marwa, shi nake sha da kaina. Tsohon haɗi ne. Gahawar sanyi da ake kira mazagran ta samo sunanta daga wani wuri a Aljeriya inda sojojin Faransa suka yi yaƙi a 1840, mutanen Fotugal kuma suka riƙa matsa mata lemon tsami. Gahawa mililita 60, ruwan lemon tsami babban cokali 1, ruwan sukari babban cokali 1 da rabi, ruwan sanyi rabin kofi, ƙanƙara, ganyen na'ana'a.

In kina son mai gas, ki cika kofi da ƙanƙara, ki fara zuba tonik ko soda, sannan ki bi da gahawar a hankali ta bayan cokali. In kika fara da gahawa kika bi da tonik, kumfa za ta yi ambaliya a kan tire.

Tsamiya ma tana yi, kuma na fi son ta da lemon tsami domin tsaminta mai nauyi ne. Ki jiƙa ta, ki tace, ki sa babban cokali 1 da zumar Adamawa maimakon sukari. Zumar ki fara narka ta a ɗan ruwan ɗumi. Zoɓo kuwa na gwada shi ta hanyoyi da dama ban ga ya yi ba: launin yana komawa kamar ruwan kwata, ɗanɗanon biyu kuma kowa na jan nasa. Wasu sun ce suna so. Ni dai ba na kai shi gaban baƙo.

Mene ne jiƙon sanyi da ake ta magana?

Gahawa ce da ba ta ga wuta ba. Gari mai ɗan tsakuwa-tsakuwa, ba mai laushi ba, giram 100 a ruwan sha mililita 800. A rufe a bar shi awa 12 zuwa 18, a tace sau biyu. Tana fitowa da sauƙin ɗaci, ba ta da kaifin tsami, kuma ita ta fi sauƙi in taro za ki yi wa, tunda tun jiya kin gama. A firji ake jiƙa ta. In babu, ki sa kwalbar cikin randa ko ki naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu a inuwa, ki tace a awa 12, ki sha a ranar. Wadda ta zauna a firji ba yankewa tana kai mako guda, amma in wuta ta ɗauke yini cur, kada ki yi mata dogon buri.

Laushinta a baki yana yaudara. Wannan ma'aunin mai kauri ne, a sirka shi da ruwa ko madara rabi da rabi.

Ƙanƙarar leda da ake sayarwa a unguwa fa?

In za ki sa kwalba a cikinta don ta yi sanyi, babu laifi. In kuwa za ta narke a cikin abin da za ki sha, sai kin san ruwan da aka yi ta da shi. Taifot da kwalara ta ruwa suke shiga, kuma ƙanƙara ba ta kashe ƙwayoyinsu. Na fi son mutum ya daskarar da tasa da ruwan da ya tafasa. Dabara ɗaya: ragowar gahawa ki zuba ta a mazubin ƙanƙara ta daskare. In kika sa irin wannan a haɗi, ko ta narke ba ta mayar da shi salam.

Da hunturu fa, wa zai sha ƙanƙara?

Mutanen Ngaundere sun fi yi mini wannan tambayar. Ki ɗauki tsarin na Ailan ki bar musu wiskinsu. Ki ɗauraye kofin gilashi mai kauri da ruwan zafi, ki zuba gahawa mai zafi, ki narka ɗan gutsuren mazarƙwaila a ciki tare da cokali guda na ruwan sukarin nan mai citta. Sai ki buga kirim mai sanyi kaɗan, ya yi kauri amma yana zuba, ki kwarara shi ta bayan cokali ya zauna a sama. Ba a juyawa. Ana shan mai zafin ne ta cikin mai sanyin. In ba sukari a gahawar, kirim ɗin yakan nutse.

Kofi nawa ya kamata mutum ya sha? Ina da juna biyu.

Allah ya raba lafiya, ƙanwata. Hukumomin lafiya na Turai da Amurka sun sa iyakar babba mai lafiya a wajen miligiram 400 na kafeyin a yini, mai juna biyu kuwa ana ba ta shawarar kada ta wuce 200. Ƙaramin kofin espreso ɗaya yana da kamar 60 zuwa 80, robusta ta fi haka. To ki lura, shayin da kika sha da safe da goron da kika ci da lemon kwalba baƙi duk suna cikin lissafin. Kofi ɗaya marar ƙarfi ya ishe ki, kuma ki gaya wa ungozomar asibiti a ranar awo. Kada ki sha shi tare da maganin ƙarin jini ko dab da cin abinci, domin gahawa da shayi suna rage yadda jiki ke ɗaukar sinadarin ƙarfe.

Haɗarin mai sanyi shi ne yana wucewa kamar lemo, mutum ya shanye uku bai sani ba sai gabansa ya fara faɗuwa hannu na rawa. Mai hawan jini, mai gyambon ciki, mai bugun zuciya, kowa ya tambayi likitansa. Mai ciwon sukari ya tuna dabino da zuma ma sukari ne. Yara kuma a yi musu madara da dabino zalla, su ma a sa musu a kofin gilashi su ji an yi da su.

Akwai abin da ba zan yi shiru a kansa ba. Samarinmu, musamman masu tuƙa babur, wasu suna jefa ƙwayar tramol a gahawa wai don su jure aiki. Ɗana, wannan ba haɗi ba ne. Tramol yana kama mutum ya kasa bari, yana kuma jawo farfaɗiya, wani a kan babur take kama shi da fasinja a baya. Haka zuba lemon ƙarin kuzari a kan gahawa, kafeyin ne a kan kafeyin.

Zan iya yin sa da azumi?

Bayan buɗa-baki, in an sha ruwa an ci abinci, na dabino da madara yana da daɗi ƙwarai kafin a tafi asham. Amma kafeyin yana ɗaukar kamar awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki, don haka wanda ya sha bayan isha'i kada ya yi mamaki in barci ya ƙi zuwa har sahur. Da sahur kuwa ba na ba da shawara, musamman ga wanda bai saba ba, domin yana sa yawan fitsari da safe a ranar da ake tattalin ruwan jiki.

Mutum 30 zan yi wa ranar suna. Ta ina zan fara?

Kada ki ce za ki girgiza kwalba 30, hannunki zai mutu kafin ki kai goma. Ki zaɓi na madara. Jajibiri da yamma ki jiƙa gahawa giram 250 a ruwa lita 2, ki dafa ruwan sukarinki, ki daskarar da ƙanƙara. Da safe ki tace gahawar, za ki samu kamar lita ɗaya da rabi, domin garin yana shanye wani. Ki haɗa madara lita 4 ki sa ta yi sanyi daban. Kada ki gauraya su sai baƙi sun zauna, kuma kada ki zuba ƙanƙara a cikin babbar roba, a kofin kowa ake sawa. Ki ɗanɗana kafin ki fitar, ki tuna sanyi yana rage jin zaƙi, don haka abin da ya yi daidai da ɗumi zai ɗan yi lami a kan ƙanƙara. Ki ajiye ruwan sukari a ƙaramar buta a gefe don masu son ƙari, ki kuma gaya wa mai rabo ta faɗa wa kowa cewa gahawa ce a ciki, saboda masu ciki da tsofaffi. Ita mai jego a kai mata kununta na kanwa, in ta matsa a ba ta rabin kofi.